Telan da ba a haifa ba

Ranar Talata ana yayyafi, wata dattijuwa da wani matashi suka fake a rumfar mai gyaran waya.

"Lambar telana ce tsaf ta fito a wayata, ɗan nan," in ji ta. "Wai ɗinkina ya kammalu, in tura cikon kuɗi."

"Kin tura, Inna?"

"Allah ya sawwaƙe! Shekaranjiya fa na kai yadin. Telan da zai gama ɗinki a kwana biyu ba a haife shi ba. Nan na gane ɓarawo ne ya ari lambar."

"Haba Inna, ni ma fa tela ne!"

"Ƙarya na yi?"

Ya sosa ƙeya. "Ni da lambar mai gyaran keken ɗinkina suka kira, wai ya gama. Don murna na tura."

Inna ko sisi ba ta rasa ba. Tela kuwa dubu biyar, ga keke har yau a kwance.