Hannun da Bai Ji Labari Ba

A wata ƙaramar bas mai bin bakin teku a birnin Dili, wani tsoho mai baƙar riga ya ƙwanƙwasa kwabo a jikin ƙarfe, alamar zai sauka. Direba ya tsaya, tsoho bai motsa ba. Domingas, da ke gefensa riƙe da ɗanyen kifi, ta harare shi.

"Haba Baba! Ka tsayar da mu kuma ka zauna? Kifina zai lalace."

"Yi haƙuri 'yata, laifin hannun ne. Shekara talatin a nan nake sauka in taya matata kwashe kayan tallarta. Ni na san ta rasu, shi ne har yanzu bai ji ba."

"Gindin bishiyar can? Ba dai Ermelinda mai kwakwa ba, mai yi wa mutane faɗa in sun jefa ɓawo a teku?"

"Ke ma ta yi miki?"

"Sau biyu! Wata uku ina leƙawa ta taga, na ɗauka ƙauye ta tafi."

Direba ya ja mota. Domingas ta ciro nata kwabon, ta ƙwanƙwasa da ƙarfi, mota ta sake tsayawa.

"Kifin fa?" in ji tsohon.

"Ya jira. Ni sau biyu na sha faɗanta, kai shekara talatin. Sauko ka ba ni labari."