Babban Yatsan Basiru

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman Iliyasu, masu unguwanni, 'yan'uwan mamaci da iyalinsa da ke jin mu daga cikin gida, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana a kan Basiru, yau kwana arba'in da rasuwarsa. Wallahi ban san ta inda zan kama ba, don har ya koma ga Allah ban gane kan aikinsa ba.

Ya kasance manomin gyaɗa kamar kowa, sai Turawa suka ɗebe shi yaƙin Bama. Ya dawo da jiri, da wani abu da ya ce a asibitin soja aka koya masa. Ya kasance yakan tara tsofaffinmu masu fama da jiri a gindin tsamiya, kowa ya miƙa babban yatsa ya kafa masa ido, yana juya kai hagu da dama. Ba rubutun sha, ba sassaƙe, ba hayaƙi. Ni da bakina na ce, "Basiru, anya ba a taɓa maka kai a can ba?" Ya ce, "Kawu, kai dai kalli yatsanka."

Liman, ka yafe mini, sai na faɗa. Bara sau biyu jiri yana kayar da kai a ruku'u, har aka fara raɗe-raɗin a nemo wani ya riƙa jan mu salla. Basiru ya riƙe ka wata uku, ka miƙe garau. Yadda kallon yatsa ke tsayar da ƙafa, ni dai ban sani ba.

Da ya rasu, mu tsofaffin muka ce mu ci gaba da kallon yatsan. Hadi ya ce a zaune ake yi, Sama'ilu ya rantse a tsaye ne, wani ya ce ido a rufe. Muka yi ta musu har azahar. Ashe kowa da irin nasa ya ba shi, ba mu lura ba. Shekaranjiya kuwa a sallar la'asar duk mun ga Liman ya dafa bango.

Turai, 'yata, an ce a gabanki mijinki yake gwada na kowa kafin ya fito. Mun san kina takaba, ba mu ce ki fito ba. Amma Liman ba zai iya jiran wata uku ba. Gobe da hantsi za mu jeru a bayan dangarki da rawunanmu, ki faɗa daga ciki, mu bi. Ban taɓa jin inda aka yi haka ba, amma haka za mu yi.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Basiru, ya tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi yadda shi Basirun ya tsayar da namu a ƙasa. Amin.