Fulawar da Malam Ya Sawo Mini

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa inda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Shugabar wanga zama, Hajiya Halimatussa'adiyya. Shugaban makarantarmu ta matan aure, Malam Abdullateef, da malaman da ke tare da shi. Wakilin Hakimi, Alhaji Sodangi. Iyayenmu mata na ajin tsofaffi. Baƙinmu da sunka taso daga Sabon Birni da Gangara da Kamarawa. 'Yan'uwana mata na nan Isa, da mazan da sunka zauna can baya cikin haƙuri: barkanku da zuwa, barkanmu da shiga sabuwar shekarar Hijira.

Na gode da wagga dama. Muryata ba ta da nisa, na baya ku yi haƙuri ku matso da kunne. An ce in yi magana kan yadda mace za ta gyara tsakar gidanta a sabuwar shekara ba tare da ta zubar da kuɗi ba. Da Hajiya ta aiko mini, na tambayi ɗan aiken ko ya ɓata gida ne, domin a unguwarmu babu wadda ta zubar da kuɗi a tsakar gida kamar ni. Hajiya ta ce saboda haka ɗin ne.

Kun kuma san abin da ke gabanmu. Da zarar na zauna, za a ɗaga hannu kan shawarar kwamiti: a sare kurnar da ke tsakiyar makaranta, a shimfiɗa intalok, wato daɓen tubalin siminti, a jera fulawa a bakin bango da gudummawar da munka tara. Masu shawarar alheri sunka nufa. Kurna na zubar da ganye, na zubar da ƙaya, mai shara na shan wuya. Amma a ƙarƙashinta iyayenmu na ajin tsofaffi ke ɗaukar karatu, don ɗakuna ba su ishe mu ba. Kafin hannu ya tashi, ku ji abin da ya same ni.

Bara, a farkon shekarar boko, autata Nuriyya ta nuna mini wani gida a cikin waya. Tsakar gida kore shar, ja nan, ruwan ɗorawa can, mai gidan na cewa sabuwar shekara sai da sabon gida. Na duba tawa tsakar gidan: turmi, murhu, igiyar shanya, da kaza tana tono. Ni da nake karantar da yara cewa a yawaita duban wanda ke ƙasa da kai, ranar nan na wuni ina duban na sama.

Da Malam maigidana zai tafi kasuwar Shinkafi, ba za ni faɗi sunansa ba, kun san shi, ga shi can baya ya sunkuyar da kai, sai na roƙe shi ya sawo mini fulawa. Ya tambaye ni kamar yaya yawanta. Na ce wadda za ta cika tsakar gida. Ya dube ni, ya ce tsakar gida duka? Na ce duka, ina son duk baƙon da ya shigo ya san an tashi tsaye a gidan nan. Ya sa mini albarka, ya ce ya daɗe yana jiran wagga magana.

Da la'asar mai babur ya sauke buhu a zaure. Malam ya shigo yana murmushi, ya ce: "Ga fulawarki nan, ta masu burodi na zaɓo. Ba ta kai ta cika tsakar gida ba, amma a fara da wagga."

Jama'a, kafin in buɗe baki, ashe ya riga ya shaida wa mutanen masallaci cewa iyalinsa za ta fara sana'ar fanke, har an yi mini addu'ar ciniki. Mi za ni ce? Na durƙusa na yi godiya. Kuma laifin ba nasa ba ne. Na san kalmar fure tun ina riƙe da allo, amma a ganina fure na kabewa ne da rama. Abin da ke cikin waya ya fi ƙarfin fure, shi fulawa ne. Na bar kalmar gidanmu na ari ta wani, sai ta kawo mini buhu.

Mai hankali da ta tsaya nan. Ni sai na sayar da tunkiyata, na ba direban da ke zuwa Sakkwato sautu, har da hoto wannan karon. Furannin sunka iso cikin baƙar leda, kowace da sunan da harshena ya kasa juyawa. Na jera su. Malam ya gani ya ɗauka magani ne nake reno, ni kuma ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi, Allah Ya yafe mini irin wanga shiru.

Nan ne darasi na farko, shi ne lokaci. Wanda ke cikin waya bai san bazararmu ba. Na dasa abu ana fuskantar zafi, ina tsammanin sabuwar shekara kowace iri ce lokacin shuka. Wada mai garuwa ya mayar da ƙofata wurin aikinsa, har ya fara kirana Hajiya, ni da ban taɓa wuce Gusau ba. Mu muna auna ruwan randa da moɗa, baƙin cikin leda suna sha safe da maraice, kuma ba su gode ba. Rana ta buɗe, sunka fara sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya. Na yi musu rumfa da tsohon zanena. Na tsinci kaina ina yi wa ganye sannu.

Guda ta rage, mai ja. Ita kuma akuyar maƙwabciyata Inno, matar Yero, ta shigo ta gama da ita a gabana. Na bi ta da muciya har zaure. Bayan na huce sai na tuna abin da anka karantar da mu, malamai na nan su gyara mini, cewa abin da musulmi ya shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ne gare shi. Na tambayi Malam ko ina da ladar fulawata, tunda na raka mai karɓar sadakar da muciya. Ya ce wace fulawa, ba ga ta can cikin buhu ba? Ranar na buɗe masa komai. Ya shafa gemu, ya ce: "To su mutanen masallaci, mi za ni ce musu? Har yau suna tambayar fanke."

Buhun nan kuwa ƙwari sun fara leƙa shi, ga shi almubazzaranci ba ya halatta. Ruwan farko na sauka na kwaɓa, na soya, na aika a kira matan unguwa. Sunka zo, sunka ga ledojina a jere da busassun tsinkaye. Allah Ya saka musu, babu wadda ta yi dariya sai da sunka ƙoshi.

Washegari kowace ta dawo da abu a hannu. Wagga reshen zogale, waccan lalle, wata 'ya'yan gwanda a ƙullin zane. Inno ta zo da rassan aguwa, ta ce in kafa su in kewaye shukar, ko akuyarta ba ta kusantarsu. Ta kuma juye mini kwandon kashin awaki, ta ce wadda ta ci ita ta aiko. Munka dasa su inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke gangarawa, ruwan da shekara da shekaru nake kallo yana fita ta kwata a banza.

Ga darasi na biyu ke nan, ruwa: kada ki shuka inda za ki kai ruwa, ki shuka inda ruwa ke zuwa da kansa. Na uku shi ne iri. Abin da ya rayu a gidan maƙwabciyarki zai rayu a naki, kuma kuɗinsa sallama ce da godiya. Taki yana garke, shinge yana bakin gona. Yau in kun shigo gidana, ba ya kama da na cikin waya ko kaɗan. Amma muna kwaɗon zogale, amare na aikowa a tsinko musu lalle, Wada kuma ya koma kirana Malama.

Bana Allah Ya haɗa mana sabuwar shekara da damina. Ƙasa ta jiƙe, ruwa kyauta ne, reshe kyauta ne. Iyayena, 'yan'uwana, ni na sayar da tunkiya na sayi abin da bai kai wata uku yana numfashi ba, wannan asarata ce ni kaɗai. Amma kurnar can, ba mu san wanda ya shuka ta ba, kuma babu kasuwar da za mu je mu sawo inuwarta. In mun sare ta da safe, da azahar ina iyayenmu tsofaffi za su shimfiɗa tabarma? A kan intalok, da rana tsaka? Tsohuwar da ta fara haɗa baƙi da furfura a kanta, kada mu sa ta zaɓi tsakanin karatu da zafin rana. A rage mata rassan da sunka yi ƙasa, a bar ta. Sharar ganyenta kuma a sa sunana, ni za ni riƙa yi. Na yi wa ganyen Sakkwato hidima bai amfane ni ba, bari in gwada na gida. Gudummawar a ajiye ta ga rufin ɗakin da ke yoyo.

A bakin ƙofa akwai rassan zogale da lalle da aguwa, kowa ya ɗauka in zai fita. Kusa da su akwai kwanon fanke, don sana'ar da anka yi wa addu'a a masallaci ba ta faɗi ƙasa ba.

Idan kuma bayan duk wannan kun ɗaga hannu kun ce lallai sai an sawo wa makaranta fulawa, to ba za ni saɓa wa jama'a ba. Roƙona ɗaya ne: a aiki Malam.

Allah Ya sa mun shiga wagga shekara da ƙafar dama. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu ta Gobir lafiya, Ya tsare manomi a gonarsa da makiyayi a mashayarsa. Allah Ya ƙara wa malamanmu ilimi da haƙuri, Ya ja kwanan iyayenmu cikin inuwa, Ya jiƙan wanda ya shuka kurna. Allah Ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya.

Na gode. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.