Almakashin Tamanin da Huɗu

A bencin jira na wata kotu a Delhi, tsohuwa Gurdev Kaur ta ƙura wa baƙon da ke gefenta ido. Da awarwaron ƙarfe na mabiya addinin Sikh a hannunsa, amma kansa a aske.

"Ɗan nan, Sikh ne kai, ba gashi ba rawani? Ko kunya?"

"Mahaifiyata ce ta yanke min, Mama, a shekarar tamanin da huɗu, ranar da 'yan tarzoma suka shigo unguwarmu da kananzir suna neman masu rawani. Na wuce ta gabansu ba su gane ni ba. Mahaifina suka samu. Shari'ar kisansa nake bi."

"Ni ta ɗana. Shekara arba'in, alƙali bakwai, kullum a dawo wata mai zuwa."

"Mahaifiyata har ta rasu tana roƙona gafara. Wai ta taɓa abin da addini ya hana."

"Gafara? Sakarci!"

"Mama, uwata ce fa."

Gurdev ta sake duban askakken kansa.

"Ni ɗana shi ya miƙo min almakashin da hannunsa, yana kuka. Na ce Allah ya kiyaye. Na taje masa gashin, na naɗa masa rawani da kyau."