Lambar Layi

A ɗakin jira na asibitin masu ciwon daji, wata mata ta miƙa wa tsohon da ke gefenta lambarta ta layi.

"Baba, karɓi ka riga ni ganin likita. Gida zan tafi."

"An sallame ki ne?"

"Ni na sallami kaina. Maganin nan ya zubar min da gashi, abinci ma ba ya zama. Na gaji."

Tsohon ya cire hula, kansa tal. "Ni kitso kika gani a nan? Zauna, 'yata. Bara wani direba ya bar min tasa lambar a bencin nan. Jana'izarsa na je."

"Don Allah karɓi, Baba."

"Ba zan karɓa ba. Kuma ba zan shiga ba sai kin shiga."