Buhun Fulawar da Ya Ɗaga Hancin Motar Lindsay

Uwargida Shugabar wannan ƙungiya ta masu tseren motoci ta garin Yarrabinda, Coral Dimitriou. Mai girma Magajin Gari, wanda ya zo duk da ƙorafin da ofishinsa ke sha a kan ƙarar injinanmu. Babban mai binciken motoci, Mista Fenwick, mutumin da ba a taɓa ganin haƙorinsa a bakin aiki ba. Direbobi da makanikai, da matansu da mazajensu da suka haƙura da warin mai a cikin gida. Jama'ar da kuka cika wannan zaure: barkanmu da yamma.

Ina godiya da aka zaɓe ni in miƙa kofin bana ga abokina Lindsay Petrakis, mai gidan burodin bakin kasuwa, wanda nake kwance masa ƙarƙashin mota a matsayin makanikinsa tun gashinmu yana baƙi. Ina godiya ga masu ɗaga tuta da suka gasu a rana, ina godiya ga masu share kwalta, ina kuma godiya ta musamman ga matarsa Noelene, wadda ta gasa mitfai ɗin da ke gabanku, wato gashin fulawar nan mai nama a ciki. Ku ci gaba da ci, zan dawo kansa.

Magana ta farko ita ce tsayin mota daga ƙasa. Baƙinmu su sani cewa motar tsere tana son hancinta kusa da kwalta, domin a nan take kama kwana. Idan ka murɗa zoben da sifirin yake zaune a kai ka ɗaga gaban da yawa, za ka juya sitiyari mota ta ce ita gaba za ta. Idan kuma ka sauke shi da yawa, cikinta zai riƙa kartar ƙasa, sannan bayan tsere Mista Fenwick ya zo da guntun katakonsa ya tura ƙarƙashinta, direba yana zaune a ciki. Katako ya wuce, ka tsira; katako ya maƙale, ko kai ka zo na ɗaya sunanka ba ya cikin sakamako.

Magana ta biyu ita ce nauyin direba. Ba a daidaita mota kujera tana fanko. Tun da Lindsay kullum yana bakin tanda, buhunan yashi muke jerawa a kujerarsa daidai nauyin da ya faɗa mana. Nauyin da ya faɗa mana kuwa kilo saba'in da takwas ne. Haka ya faɗa shekarar da ya yi aure, haka ya faɗa shekarar da ya aurar da 'yarsa, haka ya faɗa bana yana riƙe numfashi ana ja masa zip.

A gareji, a kan sikeli huɗu, motar nan takan tsaya cas, har ka ji kamar ka ɗauke ta hoto. Amma da zarar Lindsay ya shiga ya taka birki a gangaren bayan gada, sai gaban dama, ɓangaren da direba yake zama, ya durƙusa, tartsatsi ya tashi kamar ana walda. Ya dawo ya cire hular kwano ya ce mini, “Wal, sifirin ɗinka sun mutu.”

Na ce, “Sababbi ne, mutumina. Kai ka buɗe kwalin.”

Ya ce, “To matattu aka sayar maka.”

Jama'a, mun sa masu tauri, mota ta riƙa tsalle a kwana har ya ciji harshensa. Mun sa masu laushi, ta kwanta. Mun kwance shokozoba mun sake mai, mun zargi taya, mun zargi kwalta, har ƙasar garejina muka zarga muka ce ba a miƙe take ba. Duk wanda ke cikin zauren nan ya san inda matsalar take, domin teɓa ce, duk muna ganinta tana shigowa kafin mai ita ya ƙaraso. Amma wa zai faɗa wa mutumin da ke kawo maka abin karin kumallo da ɗuminsa duk ranar Asabar?

Magana ta uku ba ta dariya ba ce. Gwiwoyin Lindsay sun gaji, kuma ya yi wa Noelene alkawarin cewa bana ce shekararsa ta ƙarshe a kan sitiyari. Tun da ya fara tsere bai taɓa ɗaga kofi ba, ko na ta'aziyya. Saura tsere ɗaya. Ina gaya muku gaskiya, abin ya dame ni ƙwarai, domin ban so abokina ya ajiye hularsa yana zaton bai iya tuƙi ba, alhali ya iya.

Ana gab da tseren, da hantsi, ina durƙushe da sifana a hannu, sai ga Noelene ta ja birki a ƙofar gareji. Ta buɗe bayan mota ta ce, “Wal, zo ka ɗauki wannan, bayana ba na ƙarfe ba ne.”

Babban buhun fulawa ne daga shagonsu. Na ce, “Noelene, ni ba na toya komai a nan.”

Ta ce, “Ɗora shi a kan yashin naka ka sake awo.”

Na ce, “Duka buhun?”

Ta ce, “Ni nake ƙara wa rigarsa ta tsere ƙyalle duk shekara, ya ɗauka ita ce take saki. Duka buhun. Kuma in ka buɗe baki kafin a gama, ka ci mitfai ɗinka na ƙarshe.”

Na ɗora. Gaban dama ya nutse a idona, daidai yadda yake yi a bayan gada. Na mayar da sifirin ɗin da aka ce sun mutu, na murɗa zoben dama sama, na taɓa na hagu kaɗan, na bi sikeli har nauyi ya zauna daidai.

Sauran kun gani da idonku. Lindsay ya wuce gangaren nan ba tartsatsi, ya shiga kwanar ƙarshe kamar ana jansa da zare, ya tsallake layi babu kowa a gabansa. Mista Fenwick ya durƙusa ya tura katakonsa, ya wuce sumul. Ya sake turawa don bai yarda ba, ya sake wucewa. Lindsay ya fito idonsa jawur, ya rungume ni ya ce, “Ka gani ko, Wal? Da ma na gaya maka sifirin ne.”

Yanzu an gama, don haka bakina ya buɗu. Lindsay, taso ka karɓi kofinka, naka ne, tuƙinka ne ya kawo shi. Buhun kuwa kada ka neme shi a shago: da shi Noelene ta gasa abin da muke ci yau, kuma daga nan nake hangen farantinka, ka riga ka fara mayar da shi inda ya fito, wato cikinka.

Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai, Allah ya tsare direbobinmu a kowace kwana, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya ba Lindsay hutu mai daɗi, ya ba kowannenmu mai sonsa da za ta san ainihin nauyinsa ta kuma rufa masa asiri.

Na gode.