Dogon Yaron Ƙofar Gidana

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Malam Bawa, daga Argungu, kan hanyar Gulma.

Akwai wani dogon yaro a ƙofar gidana, bakin titi. Marigayiya mai ɗakina ce ta dasa shi, da ruwan wanke-wanke ta raine shi. Ƙarƙashinsa muke majalisa da abokaina, har Allah ya ɗauke yawancinsu. Yanzu ni kaɗai nake shimfiɗa tabarma, daga ni sai rediyona.

Ran Juma'a babban ɗana ya zo daga Birnin Kebbi da mai injin yankan icce. Ya ce, "Baba, shago za mu fitar, iccen nan ya tare gaba." Na ce a bar shi. Ya ce, "Haba Baba, icce ne fa kawai." Ƙannensa duk suka goyi bayansa ta waya, ba wanda ya tambaye ni ina zan zauna.

Mai injin ne ya ƙi. Ya ce doka ta hana sare iccen bakin titi sai da izinin hukuma, shi ba zai ja wa kansa tara ba. Ɗana ya shige mota ko sallama babu, har yau bai kira ba.

Don Allah ku tambayar mini masana: izinin nan, ana ba da shi ba a ji ta bakin tsohon da ke zama ƙarƙashi ba? Ga 'ya'ya ga jikoki, amma a ranar nan, doka kaɗai ta tsaya mini.

Duk wanda ya biyo hanyar Gulma ya tsaya mu gaisa. Tabarmar da sauran wuri.